Mai daga tsofaffin tayoyi da tsummokara: Yadda fasahar fairolisis ke aiki

A kowace shekara, tayoyin mota kimanin biliyan 1 ne ke gama aiki a faɗin duniya, bisa ƙiyasin manyan kamfanonin ƙera taya. Tufafin da ake zubarwa kuwa, an ƙiyasta cewa nauyinsu na kaiwa tan miliyan 92 a shekara.

Waɗannan nau'o'in shara guda biyu sun yi tarayya a abu ɗaya: kaso mai yawa na abin da ake yin su da shi, daga ɗanyen mai aka samo shi. Fiye da rabin robar da duniya ke amfani da ita a masana'anta ake haɗa ta daga sinadaran man fetur. Haka kuma fiye da rabin zaren da ake saƙa yadi da shi a yau foliyesta ne, wanda shi ma daga man fetur ake yin sa.

Wannan ne ya sa masana kimiyya da 'yan kasuwa suka daɗe suna neman hanyar mayar da waɗannan kaya zuwa asalinsu, wato mai. Hanyar da ta fi shahara ita ce wadda ake kira fairolisis, wato gasa abu da zafi mai tsanani a cikin rufaffiyar tukunya, ba tare da iska ta shiga ba.

Fasahar tana aiki, musamman a kan taya. To amma sakamakonta ya sha bamban daga wuri zuwa wuri. A Jamus, man da aka tatso daga tsofaffin tayoyi ya shiga cikin robar da aka ƙera marikin ƙofar motoci masu tsada da ita. A Indiya kuwa, irin wannan aiki ya turnuƙe ƙauyuka da hayaƙi, ya kuma yi sanadin hasarar rayuka.

Dalilin da ya sa taya ta zama matsala

A shekarar 1839 wani Ba'amurke mai suna Charles Goodyear ya gano cewa idan aka dafa ɗanyar roba tare da farar wuta, robar kan yi ƙarfi, ta daina narkewa a lokacin zafi, ta kuma daina sandarewa a lokacin sanyi. Farar wutar kan ɗaure dogayen zarurrukan sinadarin robar da juna, kamar yadda ake ƙulla taru.

Wannan ɗauri shi ne ya ba taya ƙarko. Shi ne kuma ya sa ba a iya narkar da ita a sake zuba ta ta zama wani abu, kamar yadda masu ƙera tukwane ke narkar da gwangwanin alminiyam.

Tayar ƙaramar mota ba roba ce zalla ba. Robar ba ta wuce kusan rabin nauyinta ba. Fiye da kashi 20 cikin 100 baƙin garin kabon ne, wanda ke ba ta launi da juriya. Kimanin kashi 15 cikin 100 wayar ƙarfe ce, sai kuma zaren foliyesta ko nailan, da sinadarin tutiya, da farar wuta. An manne su duka ta yadda da wuya a raba su.

Idan aka binne taya a juji ba ta ruɓewa. Takan ma tara iskar gas a cikinta, ta riƙa tasowa sama a hankali. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta haramta binne tayoyi ɗungurungum daga shekarar 2003, sannan ta haramta binne waɗanda aka daddatsa daga shekarar 2006.

Idan kuma aka tara su a fili, haɗari biyu ne ke biyo baya. Na farko shi ne gobara. A shekarar 1983 tarin tayoyi kimanin miliyan 7 ya kama da wuta kusa da garin Winchester na jihar Virginia a Amurka, aka kuma shafe watanni 9 yana ci. A watan Fabrairun 1990, tayoyi fiye da miliyan 12 suka ƙone a Hagersville da ke lardin Ontario na ƙasar Kanada, inda 'yan kwana-kwana suka yi kwanaki 17 suna fama.

Haɗari na biyu shi ne sauro. Ruwan sama kan kwanta a cikin taya ko ta wace fuska aka ajiye ta. Sauron nan na Asiya mai suna Aedes albopictus, wanda ke yaɗa zazzaɓin denge da chikungunya, ya bazu a duniya ne galibi ta hanyar cinikin tsofaffin tayoyi. An gano ya zauna da gindinsa a birnin Houston na Amurka a shekarar 1985, aka kuma gan shi a jihar Delta ta Najeriya a shekarar 1991.

Ƙasar Kuwaiti ta ga girman wannan matsala. Jujin tayoyin da ke yankin Sulaibiya, wanda ya yi mummunar gobara a shekarar 2012, ya tara tayoyi fiye da miliyan 42. Sai a shekarar 2021 hukumomi suka kammala kwashe su zuwa Al-Salmi, kusa da iyakar Saudiyya, domin a gina gidaje a filin.

Mene ne fairolisis?

Kalmar ta samo asali ne daga harshen Girkanci, inda ɓangarenta na farko ke nufin wuta, na biyun kuma yake nufin warwarewa. Duk da cewa sunan baƙo ne, aikin ba baƙo ba ne. Mai yin gawayi da ke jera itace, ya lulluɓe shi da ƙasa, ya bar shi yana ci a hankali, irin wannan aiki yake yi. Da iska ta shiga sosai, da toka zai samu. Da yake an hana ta shiga, sai itacen ya fitar da hayaƙi da tururi, ya bar gawayi.

Bambancin shi ne a masana'anta ba a barin wannan tururi ya tashi a banza. Ana kama shi a sanyaya shi ya zama ruwa.

Ta wannan hanya ce ma aka fara samun kananzir, tun kafin a soma haƙar rijiyoyin mai. A shekarar 1846 Abraham Gesner na Kanada ya nuna man fitila da ya tatso daga kwal, a shekarar 1850 kuma James Young na Sikotiland ya yi rajistar tasa hanyar ta fitar da mai daga kwal.

Gwada wannan dabara a kan taya ya soma ƙarfi ne a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da hukumar ma'adinai ta Amurka ta yi gwaje-gwaje tare da kamfanin Firestone. Tsadar mai da ta biyo bayan takunkumin ƙasashen Larabawa na shekarar 1973 ta ƙara zaburar da masu bincike a Amurka da Japan da Turai. Sai dai akasarin masana'antun da aka kafa a wancan lokaci sun rufe, saboda abin da suke samarwa bai kai ingancin da kasuwa ke so ba, farashin mai kuma ya faɗi daga baya.

Yadda ake aikin

Da farko akan daddatsa tayoyin, a wasu masana'antun kuma a cire wayar da maganaɗisu tun kafin a fara. Daga nan sai a zuba su a cikin tukunyar ƙarfe, a kore iskar da ke ciki, a rufe.

Ana hura wuta daga waje har zafin ya kai tsakanin digiri 400 zuwa 600 a ma'aunin Salshiyas. Da yake babu iskar oksijin, robar ba ta kama da wuta. A maimakon haka, dogayen zarurrukan nan da farar wuta ta ɗaure sai su tsintsinke su zama gajeru, su tashi a matsayin tururi.

Tururin kan bi ta bututun da ruwa ke sanyayawa. Ɓangaren da ya fi nauyi sai ya koma ruwa, ya taru a tanki. Wannan shi ne man taya. Ɓangaren da ya ƙi komawa ruwa kuwa gas ne mai ci da wuta.

Masana'antun iri biyu ne. Akwai waɗanda ake lodawa a gasa, a jira tukunyar ta huce, a kwashe, sannan a sake lodi. Waɗannan suna da araha, su ne kuma suka fi yawa a Asiya. Akwai kuma waɗanda ke aiki ba tsayawa, inda na'ura ke tura robar ta gefe ɗaya, baƙin garin na fita ta ɗaya gefen, ba tare da an buɗe tukunyar ba. Waɗannan sun fi tsada nesa ba kusa ba, amma sun fi tsafta da aminci.

Abin da ke fita daga tukunya

Abubuwa huɗu ake samu. Adadinsu ya danganta da irin tayar da kuma yawan zafin, amma a galibi mai kan kai kashi 35 zuwa 45 cikin 100 na nauyin tayar. Baƙin gari kan kai kashi 30 zuwa 35, ƙarfe kashi 10 zuwa 15, ragowar kuma gas ne. Ke nan tayar ƙaramar mota mai nauyin kilo 9 kan ba da mai kusan lita 4.

Ƙarfen ba shi da wahalar sayarwa, domin masana'antun narka ƙarfe na saye. Gas ɗin kuma akan mayar da shi ƙarƙashin tukunyar, ta yadda da zarar aiki ya kankama, masana'antar kan rage buƙatar makamashi daga waje.

Man kansa baƙi ne ko ruwan ƙasa mai duhu, yana da wari mai ƙarfi. Zafin da yake bayarwa idan an ƙona shi ya yi kusa da na man dizal. A cikinsa har akwai wani sinadari mai daraja da ake kira limonin, irin wanda ke ba ɓawon lemo ƙamshi.

Sai dai man taya ba dizal ba ne. Farar wutar da aka dafa robar da ita tana bin sa, har takan kai kusan kashi 1 cikin 100 na nauyinsa. Wannan ya ninka sau 1,000 abin da dokar Tarayyar Turai ta amince da shi a man dizal na motoci tun shekarar 2009. Ya kuma ninka sau 200 ƙa'idar da ƙungiyar ECOWAS ta tsayar wa man da ake shigowa da shi a shekarar 2020. Idan aka ƙona farar wuta takan fitar da iskar da ke cutar da huhu, tana kuma cin ƙarfen inji.

Bayan haka, man na kamawa da wuta a zafin da bai kai na dizal ba, abin da ke sa ajiye shi ya zama haɗari. Idan aka zuba shi ɗanye a injin mota ko janareta, yakan toshe nozul, ya bar dauɗa a cikin injin. Saboda haka akasarinsa a manyan murhunan masana'antu ake ƙona shi a madadin baƙin mai, kamar a kamfanonin siminti da na ƙarfe da na bulo, ko wurin dafa kwalta. Kafin ya zama man mota sai an tace shi, an kuma cire farar wutar a matata.

Baƙin garin shi ne ya daɗe yana hana wannan sana'a riba. Yana fitowa haɗe da toka mai ɗauke da tutiya da sauran sinadarai, wadda kan kai kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Idan ba a niƙa shi an gyara shi ba, darajarsa ba ta wuce ta gawayi mara kyau ba. Idan kuwa aka gyara, zai iya maye gurbin wani ɓangare na sabon garin kabon da ake yi daga mai. A shekarar 2021 kamfanonin Michelin da Bridgestone suka bayyana cewa ƙasa da kashi 1 cikin 100 na garin kabon da ake sa wa sababbin tayoyi ne ke fitowa daga tsofaffi, suka kuma yi kira da a samar da ma'aunin inganci na bai-ɗaya.

Tufafi sun fi taya wuya

Matsalar tsummokara ba ta gaza ta taya ba. Wani rahoto da gidauniyar Ellen MacArthur ta fitar a shekarar 2017 ya ce yawan tufafin da ake ɗinkawa a duniya ya ninka tsakanin shekarar 2000 da 2015, kuma ƙasa da kashi 1 cikin 100 na kayan da aka yi su da shi ne ake sake mayarwa sababbin tufafi.

Mai yawa daga cikin abin da ƙasashe masu arziki suka gama sawa kan ƙare ne a matsayin gwanjo. Kasuwar Kantamanto da ke birnin Accra na Ghana na karɓar tufafi kimanin miliyan 15 a mako, kuma ƙungiyar Or Foundation mai aiki a kasuwar ta ƙiyasta cewa kashi 40 cikin 100 na zama shara. Wasu kan toshe magudanan ruwa, wasu su taru a bakin teku. A farkon watan Janairun 2025 gobara ta cinye akasarin kasuwar. A ƙasar Chile ma, tulin gwanjon da aka zubar a hamadar Atacama ya ja hankalin duniya a shekarar 2021.

A ido, gasa waɗannan tsummokara a fitar da mai ya yi kama da mafita, tunda tukunya ba ta damu da launin riga ko yagewarta ba. Amma ilimin sinadarai ya nuna cewa al'amarin bai zo da sauƙi haka ba.

Auduga tsiro ce, kuma kusan rabin nauyin sinadarinta oksijin ne. Man da take bayarwa yana da ruwa da yawa, yana da tsami mai cin ƙarfe, zafinsa kuma bai kai rabin na dizal ba. Abin da ya fi amfani daga auduga shi ne gawayinta, wanda za a iya sarrafawa ya zama matatar ruwa.

Foliyesta kuwa, duk da cewa daga man fetur aka yi shi, ba ya komawa mai cikin sauƙi. Yakan fitar da gas mai yawa, da kuma wasu sinadarai masu tsami da ke daskarewa su toshe bututu. Wannan ne ya sa masu gasa robobi kan tsince gorunan ruwa su ware, domin da gorar da yadin foliyesta abu ɗaya ne.

Zaren akirilik da nailan da ulu na ɗauke da sinadarin naitirojin, wanda a cikin zafi kan iya fitar da iskar sayanaid mai guba. Robar PVC da ake yin wasu jakunkuna da zanen gaban riga da ita kan fitar da iska mai cin ƙarfe. Ga kuma rini, da zif, da maɓallai, ga shi yawancin yadin zamani gauraye ne na auduga da foliyesta.

Saboda waɗannan dalilai, akasarin aikin fitar da mai daga tufafi ya tsaya ne a ɗakunan bincike da ƙananan masana'antun gwaji. Ɗaya daga cikin hanyoyin da masana ke gwadawa ita ce gasa tsumma tare da taya a tukunya ɗaya, domin robar na da wadatar sinadarin haidirojin da audugar ta rasa, abin da kan ɗan gyara ingancin man. Akwai kuma zaren da ke cikin tayar kanta, wanda ke fita kamar kaɗa idan an niƙa ta, kuma galibi a kamfanonin siminti ake ƙona shi.

Ga tufafin da aka iya tantancewa, wasu hanyoyin sun fi dacewa. Kamfanin Aquafil na Italiya ya soma warware tsohon nailan yana mayar da shi sabon zare a ƙasar Sulobeniya tun shekarar 2011. Kamfanin Eastman ya buɗe masana'antar warware foliyesta da sinadarin metanol a Kingsport ta Amurka a shekarar 2024. Amma wannan fanni ma na da nasa haɗarin: kamfanin Renewcell na Suwidin, mai sarrafa tsohuwar auduga, ya karye a watan Fabrairun 2024.

Masana'antun zamani a Turai

Manyan kamfanoni sun soma zuba jari a gasa taya a 'yan shekarun nan. A shekarar 2020 kamfanin sinadarai na BASF ya zuba euro miliyan 16 a kamfanin Pyrum da ke garin Dillingen na Jamus. A wannan shekara ce kuma Michelin ya sayi kashi 20 cikin 100 na kamfanin Enviro na Suwidin.

Man da Pyrum ke fitarwa ana kai shi babbar masana'antar BASF da ke Ludwigshafen, inda ake haɗa shi da sauran mai a yi sababbin robobi. A shekarar 2022 kamfanin Mercedes-Benz ya sanar da amfani da irin wannan roba wajen ƙera marikin ƙofar wasu motocinsa. A wannan shekara kuma kamfanin tufafi na Vaude ya fitar da wando da aka yi da zaren da aka danganta da man taya. Baƙin garin kuwa, kamfanonin Continental da Schwalbe sun sa shi a wasu tayoyinsu.

Ya kamata a fahimci cewa man tayar ɗan kaɗan ne a cikin tekun man da masana'antar ke sha. Ba a iya ware shi bayan an haɗa. Lissafi ake yi a takarda, a jingina adadin da aka zuba ga wasu kayayyaki da aka zaɓa. Kamfanoni na cewa wannan ita ce kaɗai hanyar da za a fara, yayin da ƙungiyoyin kare muhalli ke cewa tsarin na iya ruɗar mai saye.

Ɗaya fuskar sana'ar

Mafi yawan tayoyin da ake gasawa a duniya ba a irin waɗannan wurare ake gasa su ba. A Indiya akwai ɗaruruwan ƙananan masana'antu masu tukwanen lodi-da-kwashewa. A shekarar 2019 hukumar yaƙi da gurɓatar muhalli ta ƙasar ta shaida wa kotun muhalli cewa a cikin masana'antu 637 da ke jihohi 19, guda 270 ba sa bin ƙa'ida.

A irin waɗannan wurare, gas ɗin da ya yi rara akan sake shi cikin iska. Ma'aikata kan shiga tukunyar su kwashe baƙin garin da shebur, sau da yawa ba tare da abin rufe hanci ba. Ƙurar kan sauka a kan gonaki da rijiyoyi. Tururin na ɗauke da sinadarin benzin da wasu danginsa da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji. Idan kuma aka yi gaggawar buɗe tukunya kafin ta huce, iska ta haɗu da gas mai zafi, sai ta yi bindiga.

Da yawa daga cikin tayoyin daga ƙasashen waje suke zuwa. Yarjejeniyar Basel ta shekarar 1989, wadda ke kula da safarar shara tsakanin ƙasashe, ba ta sa tsohuwar taya a jerin shara mai haɗari ba, don haka cinikinta ba shi da shinge sosai. A shekarar 2022 Indiya ta haramta shigo da tsofaffin tayoyi domin gasawa. Duk da haka, wani binciken BBC da aka wallafa a watan Maris na 2025 ya gano cewa tayoyin Birtaniya na ci gaba da isa waɗannan masana'antu. Birtaniya na zubar da tayoyi kimanin miliyan 50 a shekara, kuma kusan rabinsu Indiya ake kai wa. Binciken ya kuma ambaci fashewar da ta auku a garin Wada na jihar Maharashtra a watan Janairun 2025, inda mata biyu da yara biyu suka rasu.

A Maleshiya, a watan Maris na 2019, an zubar da dagwalon sinadarai a kogin Kim Kim da ke Pasir Gudang. Dubban mutane suka kamu da rashin lafiya, aka rufe makarantu 111. Hukumomi sun danganta dagwalon da wata masana'antar sarrafa tsofaffin tayoyi.

Ostareliya ta zaɓi toshe matsalar daga tushe, inda ta haramta fitar da tayoyin da aka matse aka ɗaure ɗungurungum daga watan Disamban 2021.

Sake sarrafawa ko ƙonawa?

Akwai saɓani kan sunan da ya dace da wannan aiki. A dokar Tarayyar Turai, idan aka mayar da shara ta zama makamashin da za a ƙona, ba a lissafa shi a matsayin sake sarrafawa. Sai idan man ya koma roba ko wani kaya, ko garin ya koma taya.

Masu suka na cewa man taya idan an ƙona shi yana fitar da iskar da ke ɗumama duniya kamar kowane mai, kuma ana iya jefa tayar kai tsaye a murhun siminti, inda zafi ke kaiwa digiri 1,450, ba tare da wahalar gasawa ba. Suna kuma nuni da cewa akwai hanyoyin da suka fi sauƙi: yi wa taya sabuwar fuska a sake amfani da ita, ko niƙa ta a yi daɓen filin wasa, ko a gauraya ta da kwalta.

Magoya baya kuwa na cewa waɗannan kasuwanni ba za su iya shanye tayoyi biliyan 1 a shekara ba, kuma fairolisis na cikin hanyoyi ƙalilan da ke iya mayar da garin kabon cikin sabuwar taya. Sun ƙara da cewa wani ɓangare na man daga robar itace ya fito, ba daga rijiyar mai ba.

Halin da ake ciki a Afirka ta Yamma

A Najeriya da Nijar tsohuwar taya ba ta saurin zama shara. Masu faci kan ja ranta har iya ƙarfinta. Daga nan a yanka ta a yi takalmi, ko igiyar ɗaure kaya, ko mazubin abincin dabbobi, tsohon tub kuma a yi guga da shi.

Abin da ya rage galibi ƙona shi ake yi a fili, ko domin a cire wayar a sayar, ko domin babbaka a mayanka, al'adar da hukumomin lafiya suka sha gargaɗi a kai. Lokacin da baƙar ƙura ta addabi birnin Fatakwal, gwamnatin jihar Ribas ta haramta ƙona tayoyi a shekarar 2017. Najeriya ta kuma sa tsofaffin tayoyi a jerin kayan da aka hana shigowa da su, ko da yake ana ci gaba da ganin su a kasuwa. A Ibadan, kamfanin Freee Recycle na niƙa tayoyi yana yin tubalin daɓe da su.

Tsadar man dizal da ta baƙin mai na sa ƙananan tukwanen gasa taya su zama abin sha'awa ga masu jari a yankin, tunda ana iya sayo su da araha daga Asiya. Abin da ya faru a Indiya da Maleshiya ya nuna cewa sayen tukunyar shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Abubuwan da ke bambanta masana'anta mai amfani da mai cutarwa su ne nisanta da gidajen jama'a, da na'urar wanke hayaƙi, da yadda ake kwashe baƙin garin, da inda ake kai gurɓataccen ruwa, da kuma ko akwai hukumar da ke zuwa dubawa bayan an ba da lasisi.